Yadda ake zagaya gaɓar tekun arewacin Nowe da mota mai ɗaki da jirgin fito

Masu neman yadda ake wannan tafiyar, musamman ƴan uwanmu na Bauchi da Gombe da ke karatu ko aiki a Turai, ku matso. Motar da nake nufi ita ce wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, ana ba da hayarta, kuma lasisin ƙaramar mota ya isa in dai nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba. Amma ka tafi da lasisin ƙasa da ƙasa, kar ka je kanta a tsaya ana maka tambayoyi. In daga gida za ka taso, bizar Shengen za ka nema, wato biza ɗaya da ke shigar da kai ƙasashen Turai da yawa, Nowe tana ciki duk da ba ta cikin Tarayyar Turai.

Abu na farko wajen zaɓen mota, ka nemi wadda ba ta wuce mita 6 ba. Kuɗin jirgin fito da tsawon mota ake lissafa shi, da ka haura mita 6 sai farashi ya yi tsalle, kuma ba sau ɗaya za ka hau jirgin ba balle ka ce ai ba komai. Ga hanyoyin ƙanana, wani wajen mota biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta raɓe a inda aka kafa allo mai harafin M, to in ka ɗauko zungureriya wallahi kai za ka sha wahala ba wani ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce Fv17, daga Steinkjer zuwa Bodø, wajen kilomita 650, kuma sai ka hau jirgin fito sau 6 kafin ka ƙarasa. A nan ne mutanenmu suke kuskure, mutum ya duba taswira ya ce ai tafiyar yini ɗaya ce. Ina! Jirgin nan ba motar tasha ba ce da ake jira ta cika, lokacinsa na yi zai ɗaga ko da mota biyu ce a ciki, in ka makara sai ka zauna jiran na gaba, wani lokacin ma na ƙarshen yini ne ya tafi ya bar ka. Saboda haka tun da daddare ka duba jadawalin gobe a waya, ka tsara tuƙinka a kansa, ka ware wa hanyar kwana 4 ko 5. In ka iso ka shiga layin da aka zana a ƙasa, ka rufe tukunyar gas, ma'aikaci zai nuna maka inda za ka tsaya, ka ja birkin hannu ka hau sama wajen zama. Yawanci ba a karɓar kuɗi a hannu, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota ta tsarin AutoPASS, don haka ka tambayi masu hayar yadda za su caje ka daga baya. Tsakanin Kilboghamn da Jektvik, tafiyar kamar awa ɗaya, a kan ruwa za ka tsallaka layin Aktik, wato layin taswira da in ka wuce shi arewa ake samun ranakun da rana ba ta faɗuwa.

Daga Bodø sai babban jirgin da ke zuwa Moskenes a tsibiran Lofoten, awa 3 zuwa 4 a teku. Wannan kam ka kama gurbi ta intanet tun da wuri in lokacin zafinsu ne, kuma mai jin jiri ya sha magani. A can za ka ga manyan katakai da ake shanya kifi, wato okporoko ɗin nan da ake sayarwa a kasuwar Muda Lawal, kawunan ma da yawa Najeriya ake kawo su. Warin wajen kaɗai zai gaya maka ka iso.

Batun kwana, dokarsu ta yarda mutum ya yada zango a daji in ya yi nesa da gidan mutane da mita 150, amma ba ta ba ka damar shiga gona ko fili da mota ba, ka tsaya inda aka tanada ko ka biya kuɗi a sansanin kwanan matafiya. Ruwan banɗaki kuma akwai wuraren zubarwa na musamman, kar ka kuskura ka juye a bakin hanya.

Sai sallah. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Lofoten, ƙarfe 12 na dare haske tarwai, ba magariba ba asuba a ido. Musulmin Tromsø, wani birni a arewacin Nowe, da yawa lokacin Makka suke bi a irin wannan yanayi, wasu kuma na gari mafi kusa da rana ke faɗuwa, ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Ka tafi da abin rufe ido don barci, da rigar sanyi mai kauri ko da Yuli ne, da yajinka da garin kunu da kuskus domin cin abinci a waje tsada ne ba kaɗan ba. Fitilar mota a kunne dare da rana, gudu 80 ne a wajen gari sai in allo ya nuna wani abu daban, kuma ka lura da tumaki, suna kwanciya a tsakiyar kwalta abinsu ko hon ba ya tada su.