Idan An Tsare Mai Gida a Legas: Yadda Za a Riƙe Iyalinsa da 'Ya'yansa

Wannan bayani na ma'aikatan jin daɗin jama'a ne, da kwamitocin masallatai, da matan unguwa da ake buga wa ƙofa idan an kama wani a Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende ko Alaba Rago. Yawancin mutanenmu da ake tsarewa 'yan nema ne: ɗan acaba, ɗan dako, mai tura ruwa, mai shayi. Abin da ya samo yau shi za a ci yau, ranar da bai dawo ba kuwa ba a ɗora tukunya. Saboda haka aikin biyu ne a lokaci guda: bin shari'ar wanda ke ciki, da hana gidan da ya bari watsewa.

Kwana ukun farko

Ku sayi littafi guda domin wannan iyali kaɗai. A shafin farko ku rubuta caji ofis ɗin da aka kai shi, sunan ɗan sandan da ke binciken, laifin da ake zarginsa da shi, da ranar kamu. Abin da ya fi ɓatar da mutane shi ne suna. A unguwa ana kiransa Ɗanliti ko Babangida, a takardar 'yan sanda kuwa an rubuta wani abu dabam, wani lokaci sunan garinsu ne ya zama sunan uba. Ku kwafi sunan harafi da harafi yadda yake a takarda, domin da shi za ku neme shi a kotu da gidan gyaran hali.

Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, kuma a Legas kotuna ba nisa. Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, to ku gaya wa iyalin haka, don tsoro na sa wasu matan su kwashi yara su gudu gida Arewa a daren farko. Wanda ba ya jin Turanci yana da haƙƙin tafinta a kotu ba tare da ya biya ko sisi ba. Ku gargaɗe shi kada ya dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta masa da Hausa ba, kada kuma ya ce "yes" don kawai ya ga ana jiran amsa. Mutane da yawa sun amsa laifin da ba su fahimta ba ta wannan hanya.

Idan kotu ta tura shi ajiya, a Legas wuraren su ne Ikoyi, Badagry, da gidaje uku na Kirikiri: babban, matsakaici, da na mata. Yaro da bai kai shekara 18 ba bai kamata a haɗa shi da manya ba. Gwamnatin jiha na da wurin yara maza a Oregun, na yara mata a Idi-Araba. Ku ƙara a littafinku lambar ƙarar, sunan kotun, da ranar da aka ɗage zaman.

Lauya da kuɗi

Fiye da rabin mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Abin da ke dawwamar da mutum a ciki sau da yawa shi ne babu mai bin fayil ɗinsa. Ofishin lauyoyin kare talakawa na jihar Legas, wanda aka sani da OPD, tun 2000 yake aiki kyauta, haka ma Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya. Idan laifin babba ne, kamar fashi ko kisa, kotun majistare za ta jira shawarar ofishin daraktan gabatar da ƙararraki na jiha, wato DPP, da ke Ma'aikatar Shari'a a Alausa. A nan lauya zai matsa: an kai kwafin fayil ɗin kuwa? Yaushe?

Idan an ba da beli, ku karanta sharuɗɗan da kyau. Galibi ana neman mai tsayawa da ke da adireshin da za a iya tabbatarwa da shaidar biyan haraji ga jihar Legas. Mace na iya tsayawa, doka ba ta hana ba. A nan fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa ke da amfani, su suka san 'yan kasuwar da takardunsu suka cika.

Babban kuskuren da iyalai ke yi shi ne sayar da jari a makon farko. Wani zai tare matar a bakin kotu, ya ce ya san alƙali, a kawo kuɗi gobe a sake shi. Sai a sayar da babur, ko keken ɗinki, ko firjin da take sayar da ƙanƙara. Kuɗin ya tafi, mijin na ciki, abin ciyar da yaran ma ya tafi. Ku zauna da ita ku tsara kashewa: abinci, haya, makaranta, kuɗin motar zuwa kotu da ziyara. Duk kuɗin da za a ba lauya a karɓi rasit. Gudummawar masallaci ko zakka ta fi amfani idan aka raba ta mako-mako, ko aka ƙara mata a jarin ƙosai ko wanki, a kan a damƙa mata dunƙule ranar Juma'a a gaban mutane.

Haya kan biyo baya. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ce, in babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara wata shida, sannan wani na kwana bakwai, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Ku je wurin mai gidan tun kafin haya ta ƙare, da dattijo guda. In ya ƙi, Cibiyar Sasanta 'Yan Ƙasa ta jihar na sauraron irin wannan rigima kyauta.

Abin da za a gaya wa yara

"Baba ya yi tafiya" ita ce ƙaryar da kowa ke fara yi, kuma ba ta kwana bakwai a gidan haya mai ɗaki goma da famfo ɗaya. Yaron zai ji a bakin famfon, daga wani yaro, da gori. Daga nan ya rasa uba, ya kuma daina yarda da uwa. Uwar ce ta fi dacewa ta faɗa, ku kuna gefe. Ga ɗan shekara huɗu zuwa bakwai ya isa a ce: "Baba yana wurin hukuma, suna binciken wata magana. Yana da lafiya, yana cin abinci, yana gaishe ka. Ba laifinka ba ne." Kada a yi alƙawarin ranar dawowa. Idan aka ce kafin sallah, sallah ta wuce, yaron zai ƙirga.

Ku sa ido kan fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina, rashin ci, faɗa a makaranta, ko shirun da ba a saba ba. Dukan yaro ba ya maganinsu, ƙara su yake yi. Manyan yaran su ne ake mantawa da su, domin ba sa kuka. Namiji ɗan shekara 13 zai bar aji ya shiga dako a kasuwa, yarinya a ɗora mata talla har dare ko a fara maganar aurar da ita don a rage baki. Firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati kyauta ne, don haka in kuɗin makarantar kuɗi ya gagara, a mayar da yaro ta gwamnati, kada a zaunar da shi. A sanar da malami ɗaya amintacce a boko, ɗaya a Islamiyya, ba duk makaranta ba. Idan dole a ba da riƙo, kada a raba 'yan uwa gida uku, a kuma rubuta sunan mai riƙon da garinsa.

Ziyara

Kafin a kai yaro, babba ya fara zuwa shi kaɗai, ya nemi jami'in walwala na gidan, ya tambayi ranakun ziyara, abin da ake bari a shiga da shi, da ƙa'idar shigar yara. A tafi da katin shaida. Za a caje kowa, waya ba ta shiga, abincin da aka kawo mai kawowa ne zai fara ɗanɗanawa, magani kuma ta hannun ma'aikatan lafiya yake bi. A gaya wa yaron duk wannan tun a gida: zai ga gandirobobi da ƙofar ƙarfe, Baba zai iya ramewa, kuma ba zai biyo su gida ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai zafi, kada a bar shi sai a bakin ƙofa. Yaron da ya ce ba ya so, a ƙyale shi, ya aika da wasiƙa ko zane. Hanyar Apapa da ake bi zuwa Kirikiri akwai cunkoson manyan motoci, a fita da sassafe, da ruwa da abin taɓawa.

Idan uwa ce a tsare, a ka'ida jariri na zama da ita zuwa wata 18, kuma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi wurin renon jarirai a gidajen mata. Tun yana wata 12 a fara shirin yaye, mai riƙon ta riƙa zuwa har ya saba da hannunta. In babu dangi, a sanar da Ma'aikatar Matasa da Ci gaban Al'umma a Alausa.

Ranar fitowa a je a tarbe shi da kaya masu tsabta da kuɗin mota, a karɓi takardar sallamarsa a adana. A makon farko a kai shi asibiti a duba tari da ƙaiƙayi, domin tarin fuka na yaɗuwa a wurin cunkoso, ga shi zai kwana ɗaki ɗaya da yara. Ƙaramin na iya ƙin zuwa wurinsa, kada a tilasta. Ku ci gaba da leƙa gidan ko da sau biyu a wata har wata uku, ku kuma nemo masa wanda zai tsaya masa a kasuwa ko gareji tun kafin ya fito.