Yadda za ka rage shan mai a mota mai giyar atomatik

Har zuwa ƙarshen 2015 halala 45 ake sayar da litar fetur 91 a Saudiyya, ko kuɗin ruwan gora bai kai ba. A Janairun 2018 ta koma riyal 1.37, daga Yulin 2021 kuma gwamnati ta tsayar da ita a riyal 2.18, mai lamba 95 a riyal 2.33. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke tuƙi a Jidda da Makka da Madina sun koyi mota ne a zamanin araha, kuma ƙafarsu ba ta sauya ba har yau. Motar da ke cin kilomita 2,000 a wata, in tana yin kilomita 10 a lita, za ta sha lita 200, wato riyal 436. In ka kai ta kilomita 12 a lita, kusan riyal 73 ya rage maka a aljihu duk wata. Mafi yawan wannan bambanci daga ƙafar dama yake fitowa.

Mutane suna ɗauka cewa tunda mota ce ke sauya giya da kanta, direba ba shi da ta cewa. Ba haka ba ne. Kwamfutar giya tana duba abu biyu kafin ta yanke hukunci: gudun mota, da zurfin da ka taka totur. In ka taka da nauyi, ta fahimci ƙarfi kake nema, sai ta riƙe ƙaramar giya inji ya yi ta kuka. In ka taka da sauƙi, sai ta hau babbar giya da wuri. Kai ne ke sauya giyar, da ƙafa maimakon hannu.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani game da abin da ke tsakanin inji da giya. A motar hannu kuloci ne. A yawancin atomatik kuwa wani ƙunshi ne cike da man giya, makanikai suna ce masa kwanbata. Yana aiki kamar fanka biyu da aka sa suna fuskantar juna: ta farko tana juyawa ta tura mai, man ya juya ta biyu. Ta biyun ba ta taɓa kamo ta farko a gudu, kuma abin da ya salwanta a tsakani zafi yake zama. Saboda haka aka sa wani ɗan kuloci a ciki wanda ke kulle su su zama ɗaya in mota ta daidaita a tafiya. A tsofaffin motoci masu giya huɗu wannan kullewa tana zuwa ne wajen kilomita 60 zuwa 80 a awa, a sababbi tun ƙasa da haka. Ka sa ido a kan allurar juyin inji, za ka ga ta ɗan faɗo da 200 ko 300 bayan giyar ƙarshe ta shiga. A nan mota ta fi tsimin mai, kuma aikinka shi ne ka kai ta nan da wuri ka bar ta a nan.

Ga yadda ake yi daga danja. Ka ɗaga ƙafa daga birki, ka bar mota ta fara mirginawa da kanta na daƙiƙa ɗaya, sannan ka taka totur a hankali har allura ta kai tsakanin 2,000 da 2,500. Ka riƙe ƙafar a wurin. In ka kusa gudun da kake so, ka ɗan sassauta ta kaɗan, za ka ji giya ta haura. Kada kuma ka yi sanyin jiki fiye da kima. Mai jan mota a kilomita 30 na tsawon titi yana zaune ne a giya ta biyu, kwanbata tana ta zamewa, na bayansa suna ta oda, shi ma bai tsira da komai ba.

Abubuwa uku ke kwance kullin kwanbata. Na farko taka totur har ƙasa, wanda ke sa giya ta sauko ɗaya ko biyu a lokaci ɗaya. Ka bar shi don wuce babbar mota ko shiga babban titi. Na biyu ƙafar da ba ta zama wuri ɗaya, a taka a saki, a taka a saki. Na uku ɗora ƙafar hagu a kan birki ana tafiya. A motoci da yawa, da zarar fitilar birki ta kama, kwamfuta za ta saki kullin, ga kuma takalmin birki yana cinyewa a banza. Ƙafar hagu ba ta da aiki a atomatik, ka ajiye ta gefe. Masu Camry da Corolla na da su duba allon da ke gaban direba: in fitilar O/D OFF tana kunne, an hana motar hawa giyar ƙarshe ke nan, kuma akwai masu yin watanni a haka ba su lura ba. Ɗan maɓalli ne a jikin sandar giya. In motarka CVT ce, wato atomatik da giyarta ba ta da matakai, ba za ka ji sauyin giya ba, sai dai ƙa'idar ɗaya ce: riƙe allura ƙasa, gudu ya taso ya same ta.

Duk sanda ka taka birki, man da ka ƙona don samun wannan gudun ka zubar. Don haka idonka ya wuce motar da ke gabanka, ya kai danja ta gaba da shatale-talen da ke tafe. In ka hango ja daga nesa, cire ƙafa daga totur ka bar mota a D. Injin zamani yana yanke mai gaba ɗaya a irin wannan hali, tayoyi ne ke juya shi, har sai gudu ya ragu sosai. Wanda ya mayar da giya N yana gangarawa, yana ganin dabara ya yi, asara ya yi: dole inji ya sha mai don kada ya mutu, kuma ya rasa riƙon da giya ke yi wa mota. A gangaren Alhada, daga Ɗa'if zuwa Makka, wannan ya wuce maganar mai, ya zama maganar rai, domin birki kaɗai in ya yi zafi yakan daina kamawa. Sa giya a 2 ko L, ko ka saukar da ita da hannu in motar tana da wannan tsari, ka bar inji ya riƙe nauyin. A hawan kuma, in ka ji giya tana kai da komo tsakanin biyu, riƙe ta a ƙaramar, ka kashe kurus, wato na'urar da ke riƙe wa mota gudu ɗaya da kanta.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce abokiyar gaba. Turjiyarta ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take: a kilomita 140 ta fi ta kilomita 120 da kusan kashi 36 cikin ɗari. Wasu manyan hanyoyin ƙasar nan an yarda da 140 a kansu tun 2018, kuma Sahir, kyamarorin kama masu gudu, ba zai ɗauke ka hoto ba, amma tanki zai faɗa maka. Jidda zuwa Madina kusan kilomita 420 ne. A 140 awa uku, a 120 awa uku da rabi. Rabin awar nan ita kake saye da mai. Tsakanin 100 da 110 ya fi wa yawancin ƙananan motoci, a layin dama, da kurus a kunne inda hanya ta miƙe. Kayan da aka ɗaure a rufin mota suna ƙara turjiyar, ko ƙarfen ɗaurin kaɗai yana ƙarawa, don haka ka kwance shi in an dawo daga tafiya.

Esi ba abin da za a ce ka kashe ba ne a watan Agusta. Abin da za ka iya shi ne rage masa wahala. Nemi inuwa, ko ka sa mayafin gilashin gaba. In ka shiga motar da ta sha rana, buɗe gilasai ka yi tafiyar minti ɗaya ko biyu zafin ya fita, sannan ka rufe, ka danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Ɗumama inji da safe kuwa rabin minti ya isa, sauran zai ɗumama a kan hanya. Inji a tsaye yana iya shan kusan lita ɗaya a awa da esi a kunne, kuma ko taku ɗaya ba a yi ba. In jiran mutum kake a ƙofar makaranta ko kasuwa kai kaɗai, kashe ka fito ka samu inuwa. In akwai yara ko dattijo a ciki, bar esi ya yi aikinsa, lafiyarsu ta fi man. A danja kuwa bar giya a D da ƙafa a birki; yawan kai ta N da dawowa ba ya rage abin kirki.

Wani lokaci ƙafa ta gyaru amma mota ta ci gaba da sha. Fara da taya. Awon iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba wanda ke gefen taya ba, wancan iyaka ce. Auna da safe kafin ka yi nisa, sau ɗaya a wata. Kada ka sace iska don tsoron fashewa a zafi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ke lanƙwasa ta yi zafi ta fashe. Baƙin mai kuma ka zuba wanda littafin mota ya ce. Injin da aka yi wa 0W-20 in aka ɗura masa 20W-50 don wai ƙasar da zafi, ƙarin nauyi aka ɗora masa. Haka fetur 95 ba ya ƙara wa motar da aka yi don 91 ko kilomita ɗaya.

Ka tambayi makaniki ko an taɓa cire tamostat ɗin motar, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, musamman in ta hannu ka saya. Ana yawan cire shi da sunan maganin zafi. In babu shi inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, a wasu motocin ma ta ƙi kulle kwanbata, kuma abin ya fi bayyana da sanyi a wurare irin su Ɗa'if da Tabuka. Man giya mai kyau ja ne ko ruwan hoda a yawancin motoci. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, giya tana zamewa. Fitilar inji da ta kama kuma kada a rufe ta da salatif, sau da yawa na'urar auna iskar salansa ce ta lalace, kuma ita ke gaya wa kwamfuta yawan man da za ta zuba.

Don ka san ko abin yana aiki, cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili. In ka dawo shan mai, cika a famfo ɗaya in zai yiwu, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Yi haka tanki uku a jere, domin tanki ɗaya na iya faɗowa a makon cunkoso. Sai ka gwada da lambar da ke kan takardar tsimin mai ta SASO, hukumar ƙa'idojin ingancin kaya ta Saudiyya, da ake liƙa wa sababbin motoci. Tuƙin cikin gari da esi ba zai kai wannan lamba ba, amma in ka ga kana rabinta, kai motar a sa mata kwamfuta.