Yadda Ake Magance Ƙugin Fitilar Fulorasan Bayan An Canja Mata Cok

Abin da na fi gani wajen masu koyon gyaran wuta shi ne, da an sa sabon cok, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan fitila, aka ji fitila na ƙugi, sai a ce jabu ne, a kwance a sayo wani. A sa na biyun, ƙara na nan daram. Galibi cok ɗin lafiyarsa ƙalau, ɗaurin ne bai yi ba.

Kafin ka ɗauki sukudireba, kunna fitilar ka tsaya ka saurara. Ƙugi mai kauri da ba ya yankewa daban yake da ƙas-ƙas mai zuwa yana ɗaukewa. Na biyun nan haɗari ne, wuta ce ke tartsatsi a inda waya ko ƙafar ƙwai ba ta kama ba. Ka kashe nan take. In kuwa ƙugi ne, nemi busasshen katako ka danna jikin fitilar daga waje, a tsakiya da bakin nan da bakin can. Idan ƙarar ta ragu ko ta sauya, jijjiga ce kawai.

Sai ka san irin cok ɗin da ka sa. Mai nauyin nan na maganaɗisu, naɗin waya ne a kan sillayen ƙarfe, kuma wutar da ke juyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa tana girgiza shi sau 100 ko 120. Ɗan ƙugi halinsa ne. Wasu kamfanoni kan buga harafi daga A zuwa F a jikinsa, A ne ya fi shiru. Mara nauyin, wato na ilektironik, yana aiki sama da sau 20,000 a daƙiƙa, inda kunnen mutum ba ya kaiwa. Shi in ya yi ƙara sosai, lallai akwai matsala.

Yanzu kashe wuta daga bureka, ba makunnin bango kaɗai ba, ka tabbatar da tasta, wato abin gwada wuta. Cire ƙwan, buɗe murfi, ka kama cok ɗin ka girgiza. Ko motsi kaɗan bai kamata ya yi ba. A nan ne aikin yawanci ke lalacewa. Sabon cok sau da yawa ya fi tsohon gajarta, ramukansu ba sa haɗuwa, sai mai gyara ya ɗaure gefe ɗaya ya bar ɗayan yana lilo, ko ya ɗaure shi da guntun waya. Jikin fitila kuwa siririn kwano ne, ɗan motsin nan yake ɗauka ya yayata a ɗaki kamar fatar ganga. Huda sabon rami, ka sa sukuru a gefe biyu, da washa mai hana kwancewa, ka matse har cikin cok ɗin ya kwanta sosai a kan ƙarfe. Duba ko wata waya ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗage shi.

Akwai masu cusa roba ko kwali a ƙarƙashin cok don ya yi shiru. Kada ka yi. Ta jikin ƙarfen yake sauke zafinsa, ta nan kuma yake samun haɗi da wayar ƙasa. In ka raba su, ka rage masa kwana. In roba za ka sa, sa ta tsakanin fitilar da silin. Daga nan bi sauran sukurori ɗaya bayan ɗaya, da murfin wayoyi, da farantin da ke maido haske. Murfin da bai zauna ba shi kaɗai ya isa ya cika ɗaki da ƙara.

Idan ƙugi bai tafi ba, karanta rubutun jikin cok ka gwada da na ƙwan. Ƙwai mai lamba T12 kaurinsa milimita 38, T8 26, T5 16, kuma ba kowane cok ne ke dacewa da kowannensu ba. T8 da T12 suna shiga holda ɗaya, wato mazaunin ƙafafun ƙwai, shi ya sa ake ruɗewa. Wat ma dole ya dace, haka adadin ƙwai: cok na ƙwai biyu a ba shi biyu. Cok mafi arha da ba a rubuta komai a jikinsa ba, ni ba na sa shi, don ba ka da abin gwadawa.

Wanda ya tashi daga mai nauyi zuwa na ilektironik, ya cire sitata, ɗan abin da ke tayar da ƙwan, da tsohuwar kafasita mai ajiye caji gaba ɗaya, ya bi zanen da ke jikin sabon. Kada a bi tsohon haɗi. Holda ma iri biyu ce, akwai wadda ramukanta biyu ke haɗe ta ciki, akwai wadda ke rabe, zanen ne zai nuna wadda ake so. Ja kowace waya a hankali ka ga ko ta kama, holdar da ta ƙone ko ta tsage a canja ta.

Saura ƙanana ne. Ƙwan da bakinsa ya yi baƙi a sa sabo, a kula kada tsohon ya fashe don akwai zaiba a ciki. Makunnin rage haske ba ya tafiya da cok na gama-gari, a mai da makunni na yau da kullum. Wuta mara ƙarfi ma na sa ƙara, a auna da mita. In duk an bi waɗannan, ɗauki cok ɗin ka gwada a wata fitila mai shiru. Ya yi ƙara a can, ko kana jin ƙaurin ƙuna, to shi ne mai laifin, ka mayar a canja maka.