Yadda za ka lissafa kuɗin kwanan otal a Dubai kada a kama ka ba shiri

Ranar da zan bar wani ƙaramin otal a unguwar Deira ta Dubai, kaya na a ɗaure, mai tasi na jira a waje, yaron da ke kanta ya miƙo min takarda wai saura dirhami 100. Na ce ai ejan ɗina ya biya komai tun daga Kano. Ya ɗora yatsa a kan wani layi, Tourism Dirham. Ni kuma na riga na ƙarar da dirhamin a kasuwar Naif wajen turare da abayoyi, sai da na ciro dala aka canza min a farashin da ya ga dama.

To ga yadda abin yake, tun 2014 gwamnatin Dubai ta sa wannan kuɗin a kan duk baƙon da ya kwana a otal, kuma gwargwadon taurarin otal ɗin ne: mai tauraro biyar dirhami 20 a dare, mai huɗu 15, mai uku ko biyu 10, mai ɗaya 7. A kan ɗaki ake lissafawa, ba kan mutum ba, don haka in kai da abokin tafiyarka kun haɗa ɗaki, kwana goma a mai tauraro uku ɗarin nan dai ce, ku raba hamsin hamsin.  Amma fa in gida ka kama mai ɗakunan kwana biyu kowane ɗaki da nasa. Kuma ana daina caja bayan dare 30 a jere, masu zaman jiran kaya su riƙe wannan.

Abin yi kafin ka tashi shine ka tambayi ejan kai tsaye, kuɗin da na ba ka ya haɗa da Tourism Dirham ko a can zan biya? Sau da yawa a can ne. In kuma da kanka ka kama ɗakin ta Booking, shafin kama otal na intanet, kada farashin da suka rubuta da manyan lambobi ya ruɗe ka, gangara ƙasa inda ake rubutu ƙanana ƙanana, nan ne ake faɗin abin da bai shiga ciki ba, domin bayan wannan akwai kashi 7 na hukumar birni da kashi 10 na hidima ga kuma VAT kashi 5, wani otal ya cusa su cikin farashi wani kuma sai ka zo ya ɗora maka.

Ni yanzu ranar da na sauka nake biya, in karɓi rasit in ɗauki hotonsa a waya, saboda wanda ya karɓa da dare ba shi za ka tarar da safe ba. Kada ka haɗa shi da kuɗin ajiya da wasu otal ke riƙewa, wancan ana mayar maka in ba ka ɓata komai ba, wannan kuwa ya tafi kenan. Ciniki ma ba ya ci a nan, na gwada, yaron dariya kawai ya yi ya ce na gwamnati ne. Dala ɗaya wajen dirhami 3.67 ce, ka ware dala talatin a aljihun fasfo in kwana goma za ka yi a mai tauraro uku.