Yadda za ki sa a ji muryarki a rediyo, ke mai sana'a

Na yi shekaru ina yawon ɗauko muryoyi a Birnin Kebbi da kewaye, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne in shiga gida in tarar da mace tana gumin shinkafa tun asuba, hayaƙi ya cika mata ido, ta san farashin buhun shanshera na makon jiya da na yau, ta san nawa itace ya ƙaru, amma da na fito da rikoda sai ta ce bari a kira maigida. Shi kuma ya zo ya gyara hula ya yi bayanin aikin da bai taɓa sa hannu a ciki ba. Tun da Buhari ya zo nan ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Nuwamban 2015 ake ta maganar shinkafar Kebbi, ki tuna da kanki sau nawa kika ji muryar wadda ke turara ta. Kuma ba mu kaɗai ba ne, akwai binciken da ake yi a duniya duk bayan shekara 5 ana ƙirga waɗanda ke fitowa a labarai, a 1995 mata 17 ne cikin 100, a 2020 suka kai 25 kacal.

To 'yar uwa ga yadda ake yi.

Ki fara daga gida. Na san wasu za su ce ai haƙƙinki ne, gaskiya ne, amma wlh na sha ganin hira mai kyau ta lalace saboda an kira mu da daddare ana roƙo a cire, wai maigida bai sani ba. Ki zaunar da shi ko Baba ki faɗa masa ainihin abin da za ki yi magana a kai, sana'a ce, farashi ne, ruwan unguwa ne, ba sirrin gida ba. In aka kawo miki maganar addini ki tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta riƙa naɗa jaji, wato mata jagorori masu koyarwa, tana ba su malfa suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙinta, su ne 'yan taru. A ƙasar Gwandu ba wanda zai ce miki wannan baƙon abu ne.

Sai ki san wa za ki nema. Mutane suna zaton mai gabatarwa ne ke zaɓen baƙi, a mafi yawan lokuta furodusa ne, wato mai tsara shirin, shi ke zaune da waya yana neman wanda zai cike masa minti goma, kuma littafin lambobinsa duk maza ne, ba don ƙiyayya ba, su ne suke ɗaga waya. Ki saurari Equity FM ko Vision FM ko gidan rediyon jiha na mako guda, in a Gusau kike ga Pride FM, ki rubuta shirin da ya shafi aikinki da ranar da ake yin sa da lambar da suke faɗa. In kunya ba za ta bar ki ki kira namiji ba ki tambayi wata ma'aikaciya a tashar, akwai ƙungiyar mata 'yan jarida ta NAWOJ, suna da reshe a jihohi.

Kar ki dogara da kiran waya lokacin da ake shirin kai tsaye, layi cushe yake, kati na tafiya, kuma yawanci lokacin kina kan murhu. Ki yi saƙon murya a WhatsApp. Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ki kashe fanka, ki ba yara wani abu su fita, ki riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinki. Kar ya wuce minti ɗaya.

A nan ne mata da yawa ke faɗuwa don haka bari in daɗe. Gaisuwarmu doguwa ce, ina kwana ina gajiya ya iyali ya aiki, sai godiya ga gwamna da sarki da shugaban tasha, kafin ki zo kan magana minti ya ƙare, edita kuma abin da zai ɗauka bai fi daƙiƙa 20 ko 30 ba. Sallama ɗaya ta isa. Sai sunanki da sana'arki da garinku, sai abin da kika gani da idonki, da lissafi. Kar ki ce abubuwa sun yi tsada, kowa ya san wannan, ki ce bara na sayi buhu kaza bana kaza, da ina sarrafa buhu biyar a mako yanzu biyu. Lamba ita ke sa ɗan jarida ya miƙe zaune. Sannan ki faɗi abin da kike so a yi da wanda ya kamata ya yi shi. Kuma don Allah ki daina cewa mu dai mata ba mu san komai ba sai dai a taimaka mana, raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ta, domin da kin faɗe ta an mayar da ke abar tausayi, kuma muryar mace tana kuka ita ce dama aka saba sakawa, in an yi ambaliya ko an kai hari. Ke da kika shekara 15 kina sana'a gwana ce, ki yi magana irin ta gwanaye.

Ki kafa sharaɗinki kafin a kunna na'ura, ba bayan an gama ba. Murya kawai ko da hoto? Za a sa a Facebook? In ba ki son fuskarki ta fito ki ce a ɗauki hannuwanki da tukunya, ana yi. Sunanki kuma ki nace a faɗe shi daidai tare da sana'arki, ba wata mata ba, ba matar wane ba. Amma fa in maganar tsaro ce, musamman ku 'yan uwa na ƙauyukan Zamfara da yankin Zuru, akasin haka za ki yi, ban da suna, ban da sunan ƙauye, ki ce a sauya murya, in ɗan jaridar ya yi miki gardama ki tashi ki bar shi. Ba labarin da ya kai ranki.

Batun kuɗi a taƙaice, labari ba a biyan sa. In tallar hajarki kike so wannan daban, ki je ofishin talla ki biya a ba ki rasit.

Ranar da za a sa ki saurara, ki sa 'yarki ta naɗa a waya. In sun yanke maganar ta canja ma'ana ki kira cikin ladabi ki faɗa, in sun yi daidai ki tura godiya, ki ce su ajiye lambarki duk ranar da ake maganar shinkafa ko kifi ko awo. Ki riƙa ɗaga waya kuwa, sau biyu aka kira ba ki ɗauka ba an koma wajen Alhaji.

In furodusa ya sake kira ya tambaye ki abin da ba fanninki ba, kar ki ce ban sani ba ki kashe, ki ce dakata in ba ka lambar wadda ta sani. Mai soya kifi a Yauri, ungozoma a Jega, malamar Islamiyya a Argungu, mai ƙuli-ƙuli a unguwarku. Ki fara tambayar su izini, sannan ki rubuta lambobin mata uku a bayan littafin adashinki tun yau.