Darasi na 9: Kifin teku da kifin Tabalak

A karanta da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

Mu a Tawa ba mu da teku, amma muna cin kifinsa. Kifin ƙanƙara da ake saukewa cikin kwali, wanda mata ke soyawa da marece, daga tekun Atlantika yake fitowa. Ruwan Muritaniya da Senegal na cikin mafi albarkar kifi a Afirka.

A garin Nuwadibu na Muritaniya an gina masana'antu masu yawa na garin kifi. Suna sayen ƙananan kifaye, su dafa, su busar, su niƙa. Garin nan ƙasashen waje ake kai shi, ya zama abincin dabbobi da na kifin kiwo. Ana niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na gari. Samari sun sami aiki, gwamnati ta sami haraji, wannan gaskiya ne. Sai dai kifin da injin ya cinye, shi ne wanda talaka ke iya saye. Matan da ke banda a bakin teku suna kokawa, kifi ya yi musu wuya. In ya yi tsada can, mu ma sai mun ji a aljihu.

To, mu dawo gida. Tabkin Tabalak, a kan hanyar Agadas, tun 2005 yake cikin wuraren ruwa da yarjejeniyar ƙasashen duniya mai suna Ramsar ke karewa. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa, manoma na ban ruwa da inji a gefensa. Injin ban ruwa ci gaba ne, amma da rani kowa daga tabki ɗaya yake ja. Abin da ya fi ɓarna shi ne kamun kifi da gidan sauro. Idanunsa ƙanana ne, yana kwashe har ƴaƴan kifin da ba su kai yatsa ba, balle su yi ƙwai. Gidan sauron ma don yara aka raba shi. A sa koma mai manyan idanu. In sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji sun rufe kamun kifi don kifi ya hayayyafa, a jingine koma sai an buɗe.

Lissafi: in kilo 5 na kifi ke ba da kilo 1 na gari, kilo nawa za a niƙa a cika buhu mai kilo 50?

Rubutu: kowa ya rubuta sunayen kifi uku da ya sani, ya kawo ran Asabar.