Idan Lauya Ya Zo Tambaya Kan Majinyacin da Aka Sallama

Ma'aikatan jinya a Zariya, daga Shika har Tudun Wada, sun sha tambayar abin yi idan lauya ko ɗan sanda ya nemi bayanin tsohon majinyaci.

1. Ku nemi takardar buƙatarsa a rubuce.
2. Ku sanar da shugabar sashenku nan take.
3. Ku tura shi wurin lauyan asibiti.

Hattara: kada ku ce uffan ta waya, ko da mai kiran ya rantse ɗan'uwan majinyacin ne, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tsare sirrin majinyaci, kuma rubutaccen izininsa da umarnin kotu na cikin 'yan abubuwan da ke buɗe fayil ɗinsa.

4. Ku rubuta sunan mai tambayar da ranar zuwansa.
5. Kada ku goge ko ku ƙara komai a fayil. Gyaran baya ne ke kayar da ma'aikaci a kotu.
6. Idan sammaci ya zo, ku amsa kiran kotu.